Dogaye Baya, Gajeru Gaba

Da cika baki sana'a ne, da tuni Tsaya-Haka ya gina bene. Mai ɗaukar hoto ne, shagonsa yana tsakanin na mai aski da na mai gyaran waya, kuma an daɗe da manta sunan da iyayensa suka raɗa masa, domin tun ranar da ya fara rataya kyamara ba shi da magana sai "tsaya haka!" Ya taɓa tsayar da wani ango har ƙafarsa ta sage. Ya taɓa korar wata tsohuwa gida ta sake zane, wai launin nata yana faɗa da labulensa. A wurinsa mutum ba shi da ra'ayi, ba shi da damuwa. Tsawo yake da shi da launin riga, shi ke nan.

To sai ga shi kowa ya samu waya a hannu, kowa ya zama mai hoton kansa, shagon ya koma wurin hutawar ƙudaje. Shagon kuwa ba nasa ba ne, na yayan matarsa ne, wani ƙaton mutum mai tumbi, shugaban ƙungiyar masu shaguna, wanda in ka kira shi "Shugaba" da safe sai ya wuni yana maka fara'a. Wata rana Yayan ya faka mota a bakin shago, ya shigo ko zama bai yi ba.

"Yau mutum nawa suka shigo?"

"Yaya, ai manyan mutane ba su fitowa da sassafe."

"Jiya fa?"

"Jiya an yi hadari."

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. "Kada a zalunce shi, Shugaba. Jiya na ga mutum ya shiga da idona. Hanyar tasha ya tambaya."

Yaya ya ɗaga ɗan yatsa. "Saurara da kyau. Don darajar ƙanwata na ba ka wurin nan, ba don kyan fuskarka ba. In wata ya ƙare ban ga shagon nan yana motsi ba, makullina nake so. Ga mai gyaran waya nan ya dame ni yana son faɗaɗa nasa."

Mai gyaran waya, da ke laɓe a ƙofa yana auna faɗin shagon da ido, ya yi tari ya koma wurinsa.

Da mai hankali ne, da ya kwana yana tunani. Tsaya-Haka kuwa motar Yaya na shan kwana ya fito bakin titi ya gyara wuyan riga. "Ku duk ba ku gane ba. Mutane ba su daina son hoto ba, wurin shaƙatawa suka koma. Ran Asabar zan ɗauki shagon nan ɗungurungum in kai shi babban lambun gari. Kafin la'asar sai an yi layi a gabana. Ran Litinin Yaya da kansa zai zo yana roƙona in karɓi shagon mai gyaran waya in haɗa."

"Ni kam ran Asabar ba zan buɗe ba," in ji mai aski. "Wannan kallon ba ya wuce ni."

Ranar Asabar ɗin ya sa falmaransa mai aljihu ta ko'ina, ya rataya kyamara a wuya. Sauran kaya kuwa, sandar kyamara mai ƙafa uku da naɗaɗɗen labule, uwargidansa ce ta ɗauka, tun da a cewarsa hannun mai hoto in ya gaji rawa yake yi. Ta bi shi ne ba don ta yarda da shirin ba, sai don ta san in shagon ya tafi, zaman gida zai dawo yi mata, ya tsaya a kan keken ɗinkinta yana gaya mata launin da ya dace da wane. Labulen nan kuwa zanen lambu ne a jikinsa, da bishiyoyi, da gada, da agwagwa biyu masu kama da kaji.

"Baban yara," in ji ta, tana gyara kayan a kai, "lambu za mu, kuma ga wani lambun a kaina?"

"Ke ba ki san aiki ba. Bishiyar gaske ba ta iya tsayuwa ba. Iska kaɗan sai ta motsa ta ɓata wa mutum hoto."

Lambun babba ne, sai ka yi tafiya ka gaji ba ka ga ƙarshensa ba. Ga masu gudun motsa jiki, ga tsofaffi a kan benci, ga tafki da ƙananan kwale-kwale, ga mai askirim yana kaɗa ƙararrawa. Tsaya-Haka ya tare wasu masoya biyu, suka nuna masa wayarsu. Ya tare wani magidanci da 'ya'yansa, mutumin ya ce in bara yake yi ya bari sai ya dawo. Bai karaya ba. Ya ce waɗannan ƙananan kifaye ne, shi taro yake nema.

Taron kuwa bai yi nisa ba. Suna shan wata kwana sai ga mutane zaune a kan ciyawa a jere, kowa ya manne bakinsa da filasta, ba wanda ke ko tari. A gabansu ga kwali ya bayyana cewa zanga-zangar shiru suke yi a kan ƙarar motocin da ta hana unguwarsu barci. Uwargida ta karanta ta ja baya. Shi kuwa Tsaya-Haka rubutu a wurinsa ado ne, ba abin karantawa ba.

"Kin gani ko? Har sun jeru suna jira. Amma wane jahili ne ya shirya su haka? Ana hoto da rufaffen baki?"

Ya nufi na farko, wani dattijo mai kaurin gashin baki. Dattijon ya girgiza kai, ya ɗaga hannu, ya zare ido. Tsaya-Haka ya ce kada ya ji kunya, da yawa ba su son haƙoransu su fito. Ya kama gefen filastar ya fizge. Ihun da dattijon nan ya kurma sai da tsuntsaye suka tashi daga tafki, rabin gashin bakinsa kuwa yana manne a hannun Tsaya-Haka. Sauran suka yi ta ɓalle tasu filastar don su samu bakin zagi, zanga-zangar shiru ta koma wurin da ya fi ko'ina hayaniya a lambun.

"Ga shi nan," in ji shi, suna sauri suna waiwaye. "Na buɗe musu baki ko godiya babu."

"Godiyar ce ke biye da mu da sanda. Ɗaga ƙafa."

Garin ɗaga ƙafar ne ya faɗa hanyar wasu 'yan keke da ke tafe a jere suna kaɗa ƙararrawa, kowa da kwali a baya, suna neman a ware musu hanya a titi. Ganin rigunansu iri ɗaya sai ya manta da mai sanda, ya buɗe hannuwa a tsakiyar hanya ya daka tsawar da ya saba. Na gaba ya ja birki, na bayansa ya hau shi, na baya ya hau na tsakiya, kan ka ce kwabo keke ya hau keke, ƙafa ta shiga taya. Tsaya-Haka ya leƙa ta kyamara, ya ce ba su kwanta daidai ba, ya wuce.

A tsakiyar lambun akwai wata tsohuwar bishiya mai faɗin inuwa, a nan ne babbar rigimar take. An ja igiya an raba fili biyu, wani Sajan na 'yan sanda yana tsaye a tsakani yana share gumi. Hagu mutane ne cikin korayen riguna da korayen kwalaye, ba su yarda a taɓa bishiyar ba. Jagorarsu wata Malama ce da ta yi ritaya daga shugabancin makaranta, gajera, amma in ta yi magana har Sajan sai ya gyara tsayuwa. Dama kuwa masu shaguna ne cikin jajayen riguna da jajayen kwalaye, suna so a sare a gina musu layin shaguna. A gabansu, riƙe da lasifika, wa za su gani in ba Yaya ba.

Uwargida ta ja masa falmaran. "Mu juya. Wallahi mu juya."

Ba ta rufe baki ba wani ya hango kyamarar da sandar mai ƙafa uku ya yi kururuwa, "Ga ɗan jarida!" Ashe tun safe ɓangarorin biyu suke ihu har muryoyi sun dishe, an yi musu alkawarin 'yan jarida, ba wanda ya leƙo. Nan take aka yi masa caa.

"Daga wace jarida kake?" in ji Malama.

"Malama, hotona ya fi ƙarfin jarida ɗaya."

Yaya ya ratso mutane fuska a ɗaure. "Kai! Me ya kawo ka nan?"

"Yaya, gobe fuskarka ce a shafin farko. Ka bar min komai."

Kafin Yaya ya kore shi, mutanensa suka fara tafi. "Shugaba, ashe mijin ƙanwarka ne! Ashe ka shirya mana a ɓoye! Shugaba ikon Allah!"  Yaya ya san mutumin nan sarai, ya san ko hoton katin shaida ya ɗauka sai an sake, amma tafin ya yi masa daɗi. Ya gyara hula ya ce ai shugabanci ba a bayyana komai.

Tsaya-Haka ya kafa sandarsa, ya leƙa, ya yi tsaki mai ƙarfi. Rana tana bayan masu shaguna, fuskokinsu baƙi ƙirin. Masu bishiya suna da haske amma ba su da yawa, kuma yawancinsu gajeru ne. Ga igiya ta ratsa tsakiya kamar ta shanya. Ya ce wannan ba hoto ba ne, dole a haɗe. Ya raɗa wa Malama cewa in aka gan su kusa da waɗancan, duniya za ta ga su wa suka fi kamala. Ya raɗa wa Yaya cewa in aka haɗa, duniya za ta ga su wa suka fi yawa. Kowannensu ya gyaɗa kai yana jin ya ci riba.

Saura Sajan. "Igiyar nan umarni ce daga sama. Ba mai taɓa ta."

"Sajan, tsakaninka da Allah, kana da hoto mai kyau da kakin nan?"

Sajan ya ce, "Sai na katin aiki."

"Haba! Mutum kamarka? Tsakiya za ka tsaya, kai ne ginshiƙin hoton."

Sajan da hannunsa ya kwance igiyar.

Abin mamaki da ɗan Adam, mutumin da ba ya jin maganar ubansa, in mai hoto ya ce masa matsa hagu sai ya matsa. "Dogaye baya, gajeru gaba! Kai mai tumbi, juya gefe! Baba, cire tabarau! Ke, shiga tsakanin waɗancan biyun!" Mutanen da tun safe suke zagin iyayen juna suka jeru kafaɗa da kafaɗa, kore kusa da ja, kowa yana gyara wuyan riga. Kwalayen kuwa ya ce suna rufe fuskoki, ya sa aka tattara su duka aka kife a gefe sai ya gama jeri. Ya jawo benci ya zaunar da Yaya da Malama a gaba, Sajan a tsaye a bayansu ya turo ƙirji.

Ya sake leƙawa, ya ga abin da ke ɓata masa aiki: bishiyar. Rassanta sai motsi suke yi. "Kowa ido a kan kyamara! Wanda ya juya ba zai fito ba!" Ya zagaya bayansu da labulensa, igiyar labulen ta ƙi kaiwa, sai ya zaro ƙusa daga ɗaya cikin aljihunan nan, ya samu dutse.

Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan!

"Ƙarar mene ne wannan?" in ji Malama.

"Kada ki juya, Malama, kin yi kyau a haka."

Ta haka lambun zane da agwaginsa ya rufe bishiyar da aka taru dominta. Sai rabon kwalaye. Tsaya-Haka ya ɗauki kore ya kara a jikin mai koriyar riga, ya girgiza kai. Ko yaron da ya fara koyon hoto jiya ya san kore ba ya fita a kan kore, ja ba ya fita a kan ja. Sai ya bi layi-layi ta baya, yana miƙa wa kowa ta saman kafaɗa, rubutun yana kallon gaba: mai jar riga koren kwali, mai koriyar riga jan kwali. Har Sajan ya samu nasa, don kada hannunsa ya zauna haka nan.

Uwargida, da ke tsaye a gaba tana ganin komai, ta dafe ƙirji. "Baban yara, ka kuwa karanta abin da ka ba su?"

"Ni ba karatu na zo yi ba."

"Don Allah dubi na hannun Yaya."

"Na duba. Ya fito da hasken fatarsa. Matsa min daga gaban kyamara."

Ya koma bayan sandarsa ya ɗaga hannu. "Yawwa! Yanzu kowa ya yi murmushi. Yaya, ɗan karkato wajen Malama. Malama, saki fuska, ba makaranta muke ba. Tsaya haka!"

Suka tsaya. Sai ya ga hular wani ta karkace, ya je ya gyara. Ya dawo, wani ya yi atishawa. Ya dawo, gajimare ya rufe rana, ya ce a jira ya wuce. Murmushi ya bushe a fuskoki, hannuwa suka fara rawa, ba wanda ya yarda ya motsa don kada a ce shi ne bai fito a jarida ba. Masu yawo a lambun suka fara taruwa, kowa ya karanta sai ya toshe baki ya zaro waya. Mai aski da mai gyaran waya, da suka wuni suna nemansa, suka iso a daidai lokacin, mai aski ya zauna a ƙasa don dariya ta hana shi tsayuwa. Masu jeri kuwa suka ɗauka farin jini ne, suka ƙara washe baki.

Ana cikin haka 'yan jaridar gaske suka iso da kyamarar talabijin a kafaɗa. Wata 'yar jarida ta dubi jerin, ta dubi abokin aikinta, ta ce ya kunna maza. Ta miƙa wa Yaya abin magana.

"Ranka ya daɗe, yaushe ka koma bayan masu kare bishiya?"

"Wa? Ni? Ni ne shugaban masu shaguna!"

"Shi ya sa na tambaya. Kwalinka ya ce KWAƊAYIN MASU SHAGO YA ISHE MU."

Yaya ya juyo da kwalin a hankali. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba ya gama karantawa. Malama ta juyo da nata, an rubuta da manyan baƙaƙe, A SARE TA YAU. Sajan ya leƙa nasa: KO AN KAMA MU BA MU FASAWA. Ya sake shi kamar ya riƙe garwashi, amma kyamarar talabijin ta riga ta gama da shi.

"Kada kowa ya motsa!" in ji Tsaya-Haka. "Rana ta fito!"

Ai kuwa kowa ya motsa. Mataimakin Yaya, wanda ya daɗe yana hangen kujerar shugabancin, ya haye benci ya fizge lasifika. "An sayar da mu! Kun gani da idonku! Ya kawo mijin ƙanwarsa, ya zaunar da mu da abokan gaba, ya riƙe kwalin zaginmu yana dariya a talabijin! Wa ke son shugaba irin wannan?"

"Ba mu so!"

"Ku saurare ni," in ji Yaya, "wallahi ban san—"

"Kai ka ce shugabanci ba a bayyana komai! Yau ya bayyana!"

A ɗaya gefen Malama ta juya ta ga labule, ta ga agwagi, ta ɗaga gefensa ta ga ƙusa a jikin bishiyar da ta wuni tana karewa. Ba ta yi ihu ba. Ta cire tabarau ta ninke, ta miƙa wa wata ta riƙe mata, ta ce a nuna mata mai hoton. Iska ta taso ta fizge labulen ya lulluɓe Sajan, ya yi ta dambe da lambun zane yana busa usur daga ciki. Sandar mai ƙafa uku ta kife. Sai ga dattijon mai rabin gashin baki ya iso da sandarsa da jama'arsa, bayansu 'yan keke suna ɗingishi suna tura kekuna masu lanƙwasassun tayoyi.

Tsaya-Haka ya duba gabas ja, ya duba yamma kore, kudu sanda, arewa keke. Hanya ɗaya ta rage, sama. Mutumin da ko kujera ba ya hawa sai an riƙe masa, ya taka benci ya kama reshe, ya haye bishiyar nan takalmi ɗaya a ƙafa, ya rungume wani reshe mai kauri.

"Sauka mata!" in ji masu korayen riguna. "Za ka karya mata reshe!"

"A kawo zarto!" in ji masu jajaye. "A sare ta da shi a kai!"

Duk aka juya ana kallon Malama, a ji me za ta ce. Malama ta daɗe tana kallon sama, kamar mai auna shawarar.

"Jama'a, ku kwantar da hankali," in ji shi daga cikin ganye. "Ni fa na haɗa ku. Tun safe kuke rigima, wa ya taɓa zaunar da ku benci ɗaya in ba ni ba? Daga nan ma da nake, wallahi kun fi kyau. In za ku ɗan matso—"

Wani ya jefa masa takalminsa da ya bari a ƙasa.

Yaya ya tako gindin bishiyar. Hularsa ta ɓace, lasifika tana hannun wani, ba wanda ya kira shi Shugaba da ya wuce. Ya ɗaga kai, muryarsa ƙasa-ƙasa, wadda ta fi tsawa ban tsoro.

"Goge hoton nan. Yanzu, ina kallo."

"Yaya, ai ban ɗauka ba."

"Ba ka me?"

"Wani a layin baya ya ƙifta ido. Ni ba na sakin aiki da aibi."

Dariyar da aka tuntsire da ita har Sajan, da ya samu ya fito daga labule, sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Duk wanda ke lambun nan yana da hoton a wayarsa, mai askirim ma yana da shi, talabijin tana da shi. Mutum ɗaya ne bai samu ba, shi ne wanda ya tsayar da su.

"Jefo makullin," in ji Yaya.

"Yaya, wata bai ƙare ba."

"A wurinka ya ƙare. Jefo shi, ko in ba su kuɗin zarto daga aljihuna."

Ya laluba aljihun farko, ƙusa. Na biyu, filasta da gashin bakin mutane. Sai a can wani aljihun ya samo shi, ya sake shi ya faɗo a kan ciyawa. Mai gyaran waya ya matso da sauri yana murza hannu, ya manta wayarsa tana kunne, muryar 'yar jarida tana fitowa daga ciki tana maimaita tambayarta, ga alamar ya riga ya tura wa duk wanda ya sani. Yaya ya dube shi, ya dubi wayar, mai gyaran waya ya mayar da hannunsa aljihu da kansa.

Yaya ya waiwaya ya ga ƙanwarsa tana naɗe labule ita kaɗai, idonta ya yi ja don kunya da takaici. Tausayinta ya kama shi, ya kama hannunta ya danƙa mata makullin. "Ke kika san wahalarsa. Yi abin da kika ga dama da shi." Ya juya ya tafi neman hularsa.

Daga saman bishiya fuskar Tsaya-Haka ta washe. "Alhamdulillahi! Kun gani ko? Na gaya muku! Uwargida, makulli bai bar gida ba. Adana min shi, in na sauko na karɓa."

Ta ƙulle makullin a gefen mayafinta, ta ja ƙullin da haƙori, sannan ta ɗaga kai.

"Makulli bai bar gida ba, Baban yara. Kai ne ka bar shago. Ran Litinin keken ɗinkina zai shiga."

Ta bi hanyar ƙofa ba ta waiwaya ba. Jama'a suka fara watsewa, ja da kore, kowa yana kallon wayarsa yana dariya. Ya yi ta kira a taimaka masa ya sauko, amma ba wanda ya je neman tsani.